Magen da Ba Ta Cin Nama

Adjara tana goge tayil ɗin falo Lulu ta tsallake hannunta, ko kallo ba ta ishe ta ba, ta je tana goga kai a ƙafar Mansuratu, ɗaya 'yar aikin. Lulu mage ce fara sol, kuma a gidan nan na unguwar Madinat Khalifa da ke ƙasar Larabawa, daga Madam, uwar gidan, sai ita.

Madam ba ta cin nama, ba ta cin kifi, ko ƙwai ba ya shiga kicin ɗinta. Da abin ya yi mata daɗi sai ta ɗora wa magen. Har sana'a ta buɗe, tana haɗa abincin mage da wake da kabewa tana sayar wa ƙawayenta, hoton Lulu a jikin kowace leda.

Adjara, 'yar unguwar Nima ta Accra, ita ta daɗe tana kula da magen, kuma a hannunta Lulu ta fara lalacewa. Gashi na zuba, haƙarƙari a waje, in ta hau bene sai haki kamar tsohuwa. Likitan dabbobi ya faɗa wa Madam cewa cikin mage ba irin na akuya ba ne, zuciyarta da idonta suna buƙatar abin da take samu a nama. Madam ba ta sake taka asibitinsa ba. Laifi ya dawo kan Adjara, wai hannunta ba shi da albarka.

Sai aka kawo Mansuratu daga Kumasi, yarinya marar surutu. Kafin a ce me, Lulu ta murmure, gashi na sheƙi, tana tsalle har kan firij. Aka ba Mansuratu ɗaki mai taga, aka ba ta hutun Juma'a, Madam na kiran ta habibti, wato abar ƙaunata. Kullum da safe za a kira ta ɗakin Madam da magen a hannu, a rufe ƙofa. Adjara kuwa tana waje da tsintsiya, ita da ta kwashe kashin magen nan tun tana jaririya. Kishi ya ci ta sosai, ko gaisuwar yarinyar ba ta iya amsawa da daɗin rai.

Wata safiya Lulu ta yi hamma kusa da fuskarta. Adjara ta tsaya cak. Kusa da rumfar mahauta ta girma, ba mai koya mata ƙarnin hanta. Ashe albarkar hannun ke nan.

Ba ta je wa Madam a keɓe ba, don tana tsoron a rufe maganar. Ta jira ranar da ƙawayen Madam suka cika falo suna shan shayi, kowacce da ledojin da ta saya a cinya. Ta ajiye tire, ta ce a gafarce ta, amma ba za ta ga ana cin amanar gida ta yi shiru ba: nama Mansuratu ke ba magen a ɓoye, mai shakka ta shinshina bakinta.

Wata ta shinshina, ta ajiye ledarta a hankali. Madam ta yi salati, ta dafe ƙirji. Mansuratu ba ta musa ba, ba ta kuma roƙa ba. Ta dai daɗe tana kallon Madam, Madam na kallon kofin shayi.

"Khalas, magana ta ƙare," in ji Madam. "Haɗa kayanki."

Da yake Madam ce kafil ɗinta, mai tsaya mata a takardun zama, kafin mako ya fita an yanki tikitin Ghana. A bakin ƙofar gida Mansuratu ta juyo da jakarta ta ce, "Anti Adjara, ɗakin da kike so ga shi nan. Allah ya ba ki sa'a." Adjara ta ɗan ji babu daɗi, amma da ta kwanta ƙarƙashin tagar nan, tausayin ya bi iska.

Washegari ta ji abin da ta daɗe tana mafarki. "Adjara, habibti, kawo Lulu."

Ta shiga da rawar jiki. Madam ta murɗa makulli, ta durƙusa, ta jawo wani kwano daga ƙarƙashin gado ta buɗe. Hantar kaza ce, da sauran ɗuminta.

"Ni nake dafawa, ke za ki riƙa ba ta," ta ce a hankali. "Ki goge mata baki da kyau. In kuma wani ya kama ki, ban san komai ba, kin dai ga yadda na yi da waccan."