Tambarin da ke Cikin Tarhon Baba

"Wa ya ce miki tarhon nan na lokacin yaƙi ne?" in ji Kawu Dezső, dillalin tsofaffin kayan soja, yana kwance murfin.

Hajnalka ta ce, "Mama, Allah ya jiƙanta. Ta ce shi kaɗai aka dawo da shi daga fagen dagar da Baba ya mutu."

"Yarinya, dubi tambarin nan: tauraro, guduma, zangarniyar alkama. Sai da yaƙi ya ƙare da shekaru aka fara buga shi." Ya nuna sunan babanta, Kálmán, da aka karce a gefe. "Ko matattu sun fara rubutu ne?"

Ta ƙura wa sunan ido.

"Kuma irin wannan ba ya aiki sai da ɗan'uwansa." Ya bi wayar da yatsa har inda ta shige bangon ɗakinsu.

Hajnalka ta murɗa mariƙin tarhon. Ƙararrawa ta kaɗa a ɗakin maƙwabcinsu, tsohon nan da ke gyara mata keke tun tana ƙarama. Aka ɗauka.

"'Yata," in ji muryar, "ashe har mamanki ta tafi ba ta faɗa miki ko ni wane ne ba."