Shingen Tsintsiya da Garkar Aisami

Aisami yana da garka, wato lambu, a wani kwari da ke bayan Gure, kuma duk wanda ya san shi ya san ransa a can yake. Rijiyar ciki mahaifinsa ne ya gina ta. Dabino tara kuwa shi ya dasa da hannunsa, shekara shida yana ba su ruwa, sai bana suka fara ƴaƴa. Abu ɗaya ke damunsa: tudun rairayin da ke gabas da garkar, wanda kullum sai ƙara matsowa yake. Ya riga ya tara zana, da niyyar yi wa garkar shinge kafin iskar gaban damina.

Ran nan ƴarsa Jannat, mai shekara goma sha ɗaya, ta dawo daga lakwal, wato makarantar boko, da rairayi har cikin kitso. Ko jaka ba ta ajiye ba ta fara zuba.

"Baba, yau malaminmu Mushe Husseini ya sa mun yi tudu a faranti! Muka ajiye kwalin ashana, shi ne garka, muka yi iska da faifai. Da muka kare shi da kwali marar huji, dab da shi, sai rairayi ya taru a jikin kwalin, ya kayar da shi, ya rufe garkar. Da muka kafa tsinkayen tsintsiya can kan tudun, da ƴar tazara tsakaninsu, sai rairayin ya kwanta a wurin. Baba, kada ka kafa zanarka a bakin garka."

Aisami ya dube ta sama da ƙasa. "To, sannu malama. Ni da na tsufa cikin rairayi, faifai ne zai koya mini iska?"

Abin bai tsaya nan ba. Washegari ya ɗauki hula ya tafi lakwal, ya tarar da yara sun kewaye farantai, wasu na fifita, wasu na gwada tudun da zare suna rubutawa. Ransa ya ƙara ɓaci.

"Mushe, karatu na kawo ta, ba wasan ƙasa ba. Ƙasa akwai ta a gida."

"Malam Aisami, ai karatun ke nan," in ji malamin cikin ladabi. "Zauna minti biyar ka gani da idonka."

"Ni ba yaro ba ne. Tawa dai kada ta ƙara taɓa farantin nan."

Daga ranar, in an fito da farantai, Jannat sai ta koma bayan aji ta naɗe hannu. Shi kuwa gogan ya kafa zanarsa dab da dabinon, ya ruɓanya ta, ya ɗaure tamau yadda ko allura ba za ta wuce ba. Ya ja da baya ya duba, aikin ya burge shi.

Iska ta farko ta zo, rairayi ya taru a jikin zanar har gwiwa. Aisami ya ce ai ga shi tana tarewa. Ta biyu ta kai shi ƙirji. Ta uku ta taso wata Alhamis bayan la'asar, ta yi ta bugawa har magariba.

Da ya isa da safe, sai ya tsaya cak. Zanar ta kwanta, duk rairayin da ta tara ya zubo cikin garkar gaba ɗaya. Bakin rijiyar mahaifinsa ya ɓace. Dabino bakwai sun nutse, sai kan ganye kawai ake gani. Kwana huɗu suna haƙa shi da maƙwabta, amma biyu kaɗai suka rayu a cikin bakwai ɗin. Wallahi abin tausayi, babban mutum ya zauna a kan rairayi yana share hawaye da bakin rawani.

Jannat ce ta kawo masa fura a rana ta huɗun. Ta miƙa masa, ya karɓa amma ya kasa haɗa ido da ita.

Washegari ana tsakiyar darasi sai ga Aisami a ƙofar aji, da ƙwarya cike a hannu. Yara suka juyo suna kallonsa.

"Mushe, ga rairayi na kawo muku," ya ce. "Na garkata ne. Yanzu ina da shi da yawa." Ya juya wajen ƴarsa. "Taso, ɗauko faifan ki nuna mini."

Ta nuna masa. Minti biyar ɗin da ya ƙi bayarwa ne cif, kuma ba su dawo masa da dabino ko ɗaya ba.

Iyaye, in kuka ga yaro yana auna ruwa, yana ɗaure tsinke, yana fifita rairayi a aji, kada ku ce wasa yake yi. Abin da ya gwada da hannunsa ya gani da idonsa ilimi ne. Ku bar shi ya gwada, in ya dawo gida da magana kuma ku saurare shi.