Allon Gargaɗin Bakin Kwalbati

Tunda ka dage cewa kyau shi ne ma'aunin aikin hannu, zauna in ba ka misali.

A wani gari da ke bakin babbar hanya an yi wani mai rubuta allunan talla, wanda hannunsa ya yi suna har ƙauyukan kewaye. Yana da wani salon rubutun boko da ba mai iya shi sai shi. Kowane harafi sai ya tsayar masa da ginshiƙi mai kauri kamar taɓarya, sannan ya ɗauko ɗan burushin da ya haɗa da kansa da gashin wutsiyar akuya, ya ja layin da zai haɗa ginshiƙan, siriri kamar zaren gizo-gizo. A ƙasan harafin kuma ya yi masa ɗan tafi, ka ce takalmi ya sa masa. In ka tsaya gaban shagon tela ko na mai turare ka ɗaga kai, sai ka ga sunan mai shagon ya fito da kwarjini kamar ango ranar ɗaurin aure. Nan ne gidan wannan rubutu: a inuwar rumfa, a gaban mai kallon da ke tsaye ba ya sauri.

Wata damina ruwa ya cinye kwalbatin da ke bayan gari. Hanya ta yanke, rami ya buɗe baki daidai bayan wata kwanar hanya, inda direba ba ya hango shi sai ya zo kansa. Mutanen gari suka fitar da wata 'yar hanya ta cikin gonaki, mai unguwa kuma ya kawo wa mai rubutu fallen kwano, ya ce, "Malam, rubuta mana: A TSAYA, HANYA TA YANKE. A yi shi ɓaro-ɓaro, yadda mai gudu zai gani tun daga nesa." Ya ce, "An gama, ranka ya daɗe." Amma da ya zauna shi kaɗai da kwanon, sai zuciya ta raya masa cewa wannan allo fa ba na lungun kasuwa ba ne, duk motar da ta fito daga birni sai ta gan shi. Yaya za a yi a ce shi ne ya yi rubutu irin na bangon makewayi? Ya ɗauko ɗan burushinsa, ya zuba gwaninta irin wadda bai taɓa zubawa ba. Ranar da aka kafa allon, mutane suka taru a gindinsa suna ta yabo, shi kuma yana gefe yana murmushi. Babu wanda ya ja da baya ya dube shi daga inda direba zai dube shi.

Rana ta doki kwanon, ruwa ya wanke shi, motoci suka fantsama masa taɓo. Siraran layukan nan, da yake fenti kaɗan suka sha, su suka fara dushewa, ginshiƙan kuwa suna nan daram. Mutanen gari ba su kula ba, don su sun san hanya.

Wata ranar kasuwa da la'asar, ana yayyafi, wani baƙon direba ya taho da babbar mota cike da buhunan gero, da mutane zaune a kan kaya. Cikinsu har da ƙanwar mai rubutu, uwa ɗaya uba ɗaya, wadda ke aure a wani gari mai nisa. Ta taho ganin gida da goyo a bayanta. Ƙarar faɗawar motar cikin ramin har kasuwa aka ji ta. Ko da mai rubutu ya iso da gudu tare da jama'a, an fara fito da mutane daga ƙarƙashin buhuna ana jerawa a kan ciyawa. Zanen da shi ya saya mata ya fara ganewa kafin ya ga fuskarta. Jaririn ma bai yi rai ba. Direban yana kwance a gefe, ƙafafu a karye, yana ta maimaitawa ga duk wanda ya sunkuyo kansa: "Wallahi na ga allon. Na ɗauka tallar shagon ɗinki ce."

Bayan an yi jana'iza, mai rubutu ya fita shi kaɗai, ya bi hanyar har ya wuce kwana, ya juyo ya tsaya a tsakiyar kwalta ya dubi aikinsa. Bai ga komai ba sai baƙaƙen sanduna a jere kamar shingen dawa. Shi da ya rubuta da hannunsa, ya kasa karantawa. Ya daɗe a tsaye ruwa na dukansa. Tun daga ranar, bai sake ɗaukar burushi ba, ya rufe shagonsa ya koma noma.

To, ka ji. Shi ya sa Hausawa suka ce, garin neman gira a kan rasa ido.