Takardar Perpetua Awino

Ƙarfe goma na safiyar Talata aka sa taron, a wani otal da ke bayan garinmu, can gefen Kisumu ta ƙasar Kenya. Wai za a ji ra'ayin jama'a kan hanyar masu ƙafa da masu keke da ake son yi a gefen titin kasuwa. To, wane mai keke ne zai bar neman abinci a wannan lokacin? Masu shaguna da masu motoci ne suka cika kujerun, kowa da lemo da mandazi, wato fankenmu na nan, a gabansa.

Mista Ogalo, jami'in hukumar gari, shi ke jagorantar zaman. Mutum ne mai tsafta har da iyayi, amma yau rigarsa ko guga ba ta gani ba. Sakatariyarsa Nekesa ta raɗa masa, "Yallaɓai, da ka zauna a gida, ai zan iya." Ya girgiza kai kawai.

Bara kotu ta dakatar da aikin nan saboda ba a bi ƙa'idar tuntuɓar jama'a ba. Shi ya sa bana lauyan masu shaguna ya kafa kujera a layin gaba, biro a hannu. Jami'i ba shi da bakin magana, da an ga ya karkata gefe guda an soke zaman. Takarda kuma ba ta shiga rahoto sai mai ita ya miƙe ya ce tasa ce. Idan aka tashi ba wanda ya nemi hanyar, an binne maganarta ke nan.

Mzee Obuya, dattijo mai shagon siminti, shi ne ya buɗe fage. "Masu sayen kayana a ina za su ajiye mota? A kaina?" Aka tafa masa. Waɗanda suka biyo baya duk waƙar ɗaya ce.

A akwatin ra'ayi, takarda ɗaya tak ke goyon bayan aikin. Ogalo ya buɗe ta, ya karanta, da ƙyar yake duban rubutun.

"Ni ce Perpetua Awino, mai sayar da busasshen kifi. Shekara goma sha ɗaya ina bin titin nan a keke da kwanduna biyu. Sau uku babbar mota na tura ni cikin kwata. Ba mota na roƙa ba, faɗin taku biyu na roƙa. Kuma mai karantawa ya ɗaga murya, ba na son ƙunƙuni."

Ɗakin ya kwashe da dariya.

"A kira ta," in ji lauya. Ogalo ya kira sunan.

"Perpetua Awino."

"Ko tayarta ce ta yi faci?" wani ya jefo daga baya.

"Perpetua Awino."

"Haba, ku yi mata uzuri," in ji Mzee Obuya, "mai keke ce, sai jibi za ta iso!"

Ogalo ya yi kira na uku, sannan ya kurɓi ruwa. Ya tambaya ko akwai mai goyon bayan abin da aka karanta, ko da mutum ɗaya ne. Ya bi fuskokin ɗaya bayan ɗaya. Wallahi abin da ciwo, mutum hamsin da wani abu, kowa ya mayar da hankali kan mandazinsa. Lauya ya nuna agogo. Ogalo ya ja layi a kan sunan, ya sa hannu, ya rufe taro daidai yadda doka ta ce.

Nekesa ta ce a kai shi a motar ofis, ya ƙi. A ƙafa ya bi titin kasuwa, manyan motoci na kaɗa masa riga, har asibitin gari. Bai shiga ta ƙofar gaba ba, ya zagaya baya, ɗakin ajiye gawa.

Ma'aikacin wurin ya jawo littafinsa. "Wa kake nema, Baba?"

"Perpetua Awino. Wadda tirela ta take a titin kasuwa ranar Juma'a."

"Me kake a wurinta?"

"Ni mijinta ne."