Rabin Kalma

Sun-ok na yanka kabeji, waya maƙale tsakanin kunnenta da kafaɗa, tana yi wa mijinta faɗa. Tun da sassafe Man-su ya fita, wai zai je yanke ciyawar kabarin mahaifinsa a tsaunin Hongcheon kafin bikin Chuseok. Shekara ashirin da shida tare suke zuwa. Bana ya ce ta huta, gwiwarta ba za ta iya hawan dutse ba. Da zai fita kuma ta ji wani baƙon ƙamshi a jikinsa.

"Yaushe masu yankan ciyawa suka fara fesa turare, Baban Hye-rin?"

"Ƙamshin sabuwar mota ne, ke ma kin sani. Bar ni in yi tuƙi, hanyar nan duk kwana ce."

Motar nan ce ta fara tsone mata ido. Tun da ya saye ta ya koma rina furfura, yana goge ta safe da yamma, har yana cewa ta fi mutanen gidan kula da shi. Namiji ba ya yin wannan rawar kai don ƙarfe, wannan kam ta sani.

Ta buɗe baki za ta rama ke nan sai ta ji ƙarar birki, sai karo, sai fashewar gilashi. Wayarsa ta gangara wani lungu, sauti ya dushe kamar an kifa mata tukunya. Ta kira sunansa sau uku. Nishi kawai take ji.

Hannunta ya kai kan wayar gida, za ta kira motar asibiti, sai ga muryar mace a cikin motar.

"Yeobo... yeobo... kana ji na?"

Duk ƙasar nan ba wanda mace ke kira yeobo sai mijin aurenta. Ita kanta Sun-ok ta yi shekaru ba ta furta kalmar ba, nauyinta take ji. Ga wata yarinya mai siririyar murya tana ta maimaita ta ko kunya babu, tana cewa kada ya motsa wuyansa, tana nan tare da shi, ba inda za ta. Shi kuwa gogan, da bai amsa wa matarsa ba, sai ya amsa mata.

Kishi ya turnuƙe ta har tsoron ya rasa wurin zama. Ta katse kiran, ta mayar da wayar gida mazauninta. Tunda yana da mai jinya, su ƙarata.

Minti arba'in tana laluben fuskar da za ta dace da muryar. Mai sayar da motar ce, ko sabuwar sakatariyar ofishinsu? Ta jawo akwati ta fara zuba kaya. Can ta tuna wataƙila ma ya mutu, ta zauna a bakin gado ta yi kuka, sannan ta ji haushin kanta da take yi wa maci amana kuka. Baƙuwar lamba ta kira sau biyu, ta ƙi ɗauka. A na uku ta ɗauka, zagi na bakinta.

Muryar ce, babu ko tantama. Sai dai yanzu tar take fita, ba abin da ya haɗiye ƙarshen kalmar.

"Yeoboseyo?" in ji ta, yadda kowa ke buɗe magana a waya. "Matar Pyo Man-su ce? Ranki ya daɗe, daga cibiyar agajin kamfanin motarku nake. Motar ce ta kira mu da kanta da ta yi karo, ni na riƙe shi da magana. Shi kaɗai ne a ciki, kuma ya farfaɗo. Yana ta gaya wa likitoci wai matarsa ce ta yi ta kiran shi yeobo har masu ceto suka iso."