Famfon da Ya Sami Maigida na Biyu

Kai da kake cewa abin da ke aiki ba a taɓa shi, gyara zama ka ji. An yi wani mai haɗa na'urar da ke tada famfon sola na rijiyar burtsatse a ƙauyuka. Manhajar cikinta hawa-hawa ce, kamar ginin ƙasa. Hawan ƙasa wasu mutane ne can nesa suke kula da shi, na sama shi ne nasa. Duk sanda suka hango tsaga a nasu sai su aiko da faci, iyakarsa ya ɗauka ya liƙa ya gwada. Shi kuwa ya ce ruwa na zuba, me zai je tonowa? Damina huɗu yana ƙawata sama, bai leƙa gindin ginin ba.

Ran nan da rana tsaka, a wani ƙauye, famfo ya tashi ba wanda ya taɓa shi. Tanki ya cika, ruwa ya yi ta malala cikin yashi. Mata suka zo da bokitai, ya ɗauke ɗif. Suna juya baya, ya sake tashi. Mai unguwa ya aika aka kira mutumin. Ya tsugunna, ya jona kwamfutarsa, ya umarci injin ya tsaya, ya tsaya. Can sai ga rubutu na fitowa a allon, harafi bayan harafi, alhali hannuwansa na kan gwiwa. Injin ya yi gurnani. Wani ne, ba a san garinsu ba, ya shigo na'urar ta intanet, ta tsagar da aka aiko wa mai haɗin facinta tun bara waccan. Wata tsohuwa da ke tsaye ta ce, "Ɗan nan, ba mu yi da kai rijiyarmu za ta yi maigida biyu ba."

Ya ruga neman facin, ya tarar masu kula da tsohon hawan sun rufe shi sun koma sabo, ya zama kamar mai sallama a kango. Nasa hawan kuma ya ƙi zama kan sabon, sai an rushe shi an sake. Kwana arba'in yana gini, mata na ɗebo ruwan kududdufi, yara na ciwon ciki. Da ya dawo da na'urar, mai unguwa ko tabarma bai shimfiɗa masa ba. Sun riga sun kafa famfon tuƙa-tuƙa.

Yaɓe ba a jira sai katanga ta yi magana. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.