Kofin Farko na Babban Ɗa Ne

"Ajiye kofin nan!" Man-seok ya daka wa tsohon tsawa tun daga bakin ƙofa.

Jiya ya sauko daga kumbon da ke gudu kusa da saurin haske. A agogonsa shekara biyar ya yi, amma a nan garinsu Andong shekara sittin ta wuce. Ya san zai tarar da ɗan'uwansa na tagwaye, Man-ho, ya tsufa, amma bai zaci raini ba. Babu wanda ya je tarbarsa. Ga shi an shirya teburin tunawa da mamaci, tsohon yana shirin zuba giyar shinkafa ta farko, wadda babban ɗa kaɗai ke zubawa.

"Furfura ce ta ruɗe ka, Man-ho? Da minti goma na riga ka zuwa duniya! Ko shekara dubu ka yi, ni ne yayanka. Ni zan fara zuba wa Baba!"

Tsohon ya ɗago a fusace. "Sai yau ka tuna da gida? Kullum sai an ajiye maka shinkafa a rufe, har ta sandare!"

"Ni kake ɗaga wa murya?"

Tsohon ya matsa gefe. Hoton da ke kan teburin ba na babansu ba ne.

"Babban ɗa ke zubawa, Baffa, kuma ni ne babban ɗansa. Bara war haka ƙaninka ya gaji da jiranka."